Tarihin Ɗan Ƙwan Da Ya Ƙi Ƙiftawa

Da aka ce ni zan kawo muƙalar tarihi, na san wasunku sun zaci labarin Bayajidda zan ɗauko, tunda ni ɗan Kusugu ne, a gindin rijiyar na tashi. Zan taɓo rijiyar, amma sai can ƙarshe. Abin da na zo da shi yau bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba. Ɗan ƙwan fitilar nan ne da ake kira LED, wanda ke cikin tocilarku, yake jikin cajar wayarku, yake goshin babur ɗin ɗan acaɓa.

Ga yadda aka yi. A hunturun da ya wuce, ƙanena da ke aji biyu na babbar sakandare ya shigo ɗakina bayan sallar isha'i, riƙe da wani farin allon roba mai ƙananan ramuka, wayoyi sun yi masa cirko-cirko. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu za ta yi baje koli, an ba kowa abin da zai haɗa. Shi nasa shi ne ƙwan da zai riƙa kawowa yana ɗaukewa da kansa, kamar siginar mota. Kuɗin tara ya yi ta adanawa har ya ba wani direba saƙo aka sayo masa kayan daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kwana huɗu yana fama, ƙwai ya ƙi ko motsi, ga shi saura kwana biyu. Baba kuma ya riga ya ce masa ya zubar da kuɗi a kan tarkace. Ya ajiye allon a kan tabarma ya ce, "Yaya, ni fa na haƙura. Wannan abin na Turawa ne da 'yan Cana, kanmu ba zai ɗauka ba."

Wannan maganar ta fi damuna a kan ƙwan. Na yi difloma a fannin lantarki, na haɗa irin wannan haɗin tun a shekarar farko, amma ban taɓa tambayar kaina su wa suka ƙirƙiro waɗannan kayan ba, balle in sami amsar da zan ba yaro. Na ce ya riƙe mini tocila, don babu wuta a daren. Kayan ba su da yawa: batir mai bolt 9, wata 'yar baƙar aisi mai ƙafa takwas da aka rubuta wa 555, resista uku, kafasita ɗaya, sai jan ƙwai. Kurakurai uku muka samu, kuma da na koma na yi karatu bayan haka, sai na ga kowane kuskure ƙofa ce ta shiga wani tarihi.

Na ɗauko mita na fara da batir, don mai gyaran da ya san aikinsa daga tushe yake farawa. Batir lafiya lau. Na ɗora mitar a kan ƙafa ta takwas ta aisin, wadda ta nan wuta ke shigar ta, sai na ga babu komai. Wuta ta fito daga gida amma ba ta isa inda aka aike ta ba. Shi wannan allon, a ƙarƙashin ramukansa akwai siraran ƙarafa. A tsakiya, kowane ramuka biyar a haɗe suke, sannan ga kwari ya raba allon biyu domin aisi ta hau kansa ba tare da ƙafafunta na dama sun taɓa na hagu ba. A gefe da gefe kuma akwai dogayen layuka, ja da shuɗi, da ke kai wuta. To a wasu allunan, dogon layin nan a yanke yake a tsakiya, ido ba ya gani sai wanda ya lura cewa jan zanen ya katse. Ƙanena ya sa batir a rabin sama, ya yi haɗinsa a rabin ƙasa. Guntuwar waya biyu muka sa muka haɗe gaɓar.

Mu a makaranta allon gwaji muke ce masa, amma sunansa a Turance ma'anarsa katakon yanka burodi. Ba wasa aka yi ba wajen raɗa sunan. A shekarun 1920, lokacin da rediyo ke tashe a Amurka da Ingila, samari masu sha'awar haɗa ta a gida ba su da wani allo na musamman. Katakon da iyayensu mata ke yanka burodi a kai suke ɗaukowa daga ɗakin girki, su buga masa ƙusoshi, su naɗa waya daga ƙusa zuwa ƙusa, su dasa kayan a kai. Har kamfanin Atwater Kent na Amurka ya riƙa sayar da rediyo a kan falankin katako a buɗe a farkon shekarun. Farin allon roba da ba ya buƙatar dalma, irin wanda ke kan tabarmata a daren, sai a 1971 wani mai suna Ronald Portugal ya tsara shi wa kamfanin E&L Instruments. Wato kusan shekara hamsin, da katako da ƙusa aka koyi lantarki a ƙasashen da ƙanena yake ganin a can ake haihuwar mutane da sani.

Wuta ta isa aisi, amma ƙwai shiru. Na ciro shi na duba. Shi ƙwan LED hanya ɗaya wuta ke bi ta cikinsa, in ka juya shi ba zai kama ba. Shi ya sa ake yin sa da ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya gajera: doguwar ita ke fuskantar ɓangaren da ke da alamar tarawa. Ƙanena, saboda son tsafta, ya sa almakashi ya daidaita ƙafafun, ya goge shaidar da hannunsa. Sai dai masu ƙera shi sun bar shaida ta biyu. In ka shafa gindin ƙwan za ka ji gefe ɗaya a shafe yake, ba zagaye ba, wannan shi ne ɓangaren ɗebewa. A nan ne ma ya faɗa mini cewa ƙwai biyu ya ƙone a ranar farko, da ya jona su kai tsaye a batir don ya ga ko suna aiki. Jan ƙwai kusan bolt 2 yake so, ya ba shi 9 babu resista a tsakani. Resista mai om 470 ita ce linzamin da ke rage gudun wutar. Muka juya ƙwan, sai ga shi ya kama, ja jawur.

Wannan jan hasken ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Kusugu. A 1907, wani injiniya ɗan Ingila mai suna Henry Joseph Round, ma'aikacin kamfanin Marconi, yana gwada duwatsun da za su taimaka wa rediyo kama murya. Ya sa wuta a jikin wani ƙanƙarar dutse mai suna kaborandam, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da shi, sai ya ga wani ɗan haske mai ruwan ɗorawa yana fita daga inda waya ta taɓa. Ba abin da yake nema ba ke nan. Amma bai ture shi gefe ba, ya rubuta 'yar gajeruwar wasiƙa zuwa mujallar Electrical World ya faɗi abin da ya gani, sannan ya koma kan rediyonsa. Ku riƙe wannan wasiƙar a ranku, za mu dawo kanta.

Bayan shi sai wani saurayi ɗan Rasha, Oleg Losev, wanda aka haifa a 1903. Ma'aikacin ɗakin gwajin rediyo ne a birnin Nizhni Nofgorod, kuma bai yi karatun jami'a ba. Shi ma ya ga wannan hasken, sai dai shi ya tsaya a kansa shekara da shekaru. Ya auna, ya sake aunawa, ya nuna cewa hasken ba daga zafi yake fitowa ba kamar na ƙwan lantarkin da aka saba, ya buga sakamakonsa a 1927 da shekarun da suka biyo baya a mujallun Rasha da Jamus da Ingila. Duniya ba ta san me za ta yi da binciken ba a lokacin. A 1942, sa'ad da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya, yunwa ta kashe shi yana ɗan shekara 38. Bai taɓa ganin ko ƙwai ɗaya a kasuwa ba.

Sai a 1962 Nick Holonyak, a kamfanin General Electric na Amurka, ya haɗa jan ƙwai mai hasken da ido ke gani. Mahaifinsa baƙo ne da ya yi ƙaura daga gabashin Turai, haƙar gawayin kwal yake yi. A 1972 ɗalibinsa George Craford ya fito da mai ruwan ɗorawa. Shuɗi ne ya gagara, kusan shekara talatin manyan kamfanoni na gwadawa suna ajiyewa. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya ta Japan suka buɗe hanya a ƙarshen shekarun 1980, sannan Shuji Nakamura, ma'aikacin wani kamfani mai suna Nichia da ke can tsibirin Shikoku nesa da manyan birane, ya fito da shuɗi mai ƙarfi a 1993. Me ya sa shuɗin ke da muhimmanci? Saboda in aka shafa masa wani sinadari mai mayar da wani ɓangare na haskensa ruwan ɗorawa, gamayyar biyun fari ido ke gani. Duk farin ƙwan da ke cikin tocilarku shuɗi ne a ciki. Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014.

To mu fa, ina muke a cikin wannan labarin? Kakanninmu da aci-balbal suka yi dare, ɗan kasko da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. Almajirai kuma a gefen wutar kara suke karatu, har gobe ana yi a wasu tsangayun. Zuwan Turawa ya kawo kananzir da fitilar ƙwai, wadda kowace amarya sai an sa mata a kayan ɗaki, kuma kowane yaro na gidanmu ya sha faɗa a kan fasa ƙwanta wajen gogewa. Lantarki ya fara a Legas tun 1896. An kafa hukumar ECN a farkon shekarun 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja a 1972 aka sami NEPA. A 2005 aka sauya mata suna zuwa PHCN, a 2013 aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu. Suna ya yi ta sauyawa, amma yara ba su daina ihun murna ba duk ranar da aka kawo wuta, kuma wannan ihun kaɗai ya isa ya gaya wa mai tarihi yadda lamarin yake.

A cikin wannan duhun ne farin ƙwan LED ya fara shigowa kasuwanninmu da araha daga Cana, wajejen tsakiyar shekarun 2000, lokacin da kananzir ke tsada yana kuma ɓacewa. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna abin da ya biyo baya. Samari a Kano da sauran garuruwan Arewa suka fara haɗa wata fitila da hannu: ɗan akwatin katako da ake jera manyan batura a ciki, sanda a tsaye, tsohon faifan sidi a manne a samanta, an huda shi an dasa fararen ƙwai, bayan faifan kuma an naɗa wayoyi. Ƙyallin faifan ne ke watsa hasken. Shi farin ƙwai kusan bolt 3 yake buƙata, kowane babban batir kuma ɗaya da rabi yake bayarwa, don haka sai an jera su baki da gindi ƙarfinsu ya taru. Babu wanda ya koyar da wannan lissafin a allo, gwaji ne ya koyar. Mutane suka raɗa mata suna "Obasanjo ya kasa", suna shaguɓe ga alkawarin gyara wuta na gwamnatin 1999 zuwa 2007. A ƙasar Yarbawa ma an yi irinta, sunan da suka ba ta ma'anarsa NEPA ta ji kunya. Mai shayi, mai tsire, mai kanti, ɗalibi mai shirin jarrabawa, kowa ya yi amfani da ita, har fitilun caji da na sola suka zo suka ture ta. Ku lura da abu ɗaya: katako da ƙusa da waya. Abin da samarin Amurka suka yi da katakon burodi a 1920, shi samarinmu suka yi bayan shekara tamanin, ba tare da sun taɓa jin labarinsu ba.

Mu koma kan tabarma. Ƙwai ya kama, ƙanena ya yi tsalle, amma murna ta koma ciki, don ƙwan ya tsaya cak, ba ya ƙiftawa. Na bi ƙafafun aisin ɗaya bayan ɗaya da zanen a hannuna, ina ƙirgawa daga inda ɗigon yake. Ta ɗaya tana ɓangaren ɗebewa. Ta huɗu da ta takwas suna ɓangaren tarawa. Ta biyu da ta shida a haɗe suke. Resista mai om 1,000 tana tsakanin ta takwas da ta bakwai, mai om 68,000 tana tsakanin ta bakwai da ta shida. Ƙwai da linzaminsa suna kan ta uku. Komai daidai. Na yi shiru ina kallon sa, sai wata dabara da wani malaminmu ya taɓa nuna mana ta faɗo mini. Na ce a kashe tocila. Na ɗaga allon a hankali na kaɗa shi hagu da dama a cikin duhu. Maimakon jan layi ɗaya miƙaƙƙe, sai muka ga layin a gutsuttsure, ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hannu. Ashe ƙwan yana ƙiftawa tun ɗazu, sauri ne ya yi masa yawa har ido ya kasa bin sa.

Bari in yi bayanin yadda abin ke aiki da misalin da kowa ya sani. Ku ɗauki kafasita a matsayin tulu, wuta a matsayin ruwa, resista kuma siririn bututun da ruwan ke bi. Aisin mai gadi ce da ke tsaye a kan tulun. Ruwa na zuba, ƙwai na kunne. Da zarar tulu ya kai kashi biyu cikin uku, sai mai gadi ta kashe ƙwai ta buɗe ƙofar zubarwa ta ƙafa ta bakwai. In ruwa ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai ta rufe ƙofa ta kunna ƙwai, a sake cikawa. Haka za a yi ta yi har batir ya ƙare. Ke nan girman tulu da faɗin bututu su ke yanke tsawon kowace ƙiftawa. Da resistocin da na ambata, in kafasita mai maikrofarad 10 ce, ƙwai zai yi kusan rabin daƙiƙa a kunne, rabin daƙiƙa a kashe.

Shi ma wannan kai-komon yana da tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu masana biyu 'yan Faransa, Henri Abraham da Eugène Bloch, suka haɗa bawul biyu na gilashi ta yadda in ɗaya ya kunnu sai ya kashe ɗan uwansa, can kuma ɗan uwan ya farfaɗo ya kashe shi, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Sun buga aikin a 1919, kuma don auna zangon rediyo suka yi shi. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell a Amurka, ta maye gurbin bawul. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, John Bardeen, shi ne malamin Holonyak mai jan ƙwai. Sannan a 1971 Hans Camenzind, ɗan asalin Suwizalan da ya koma Amurka, ya tsara wa kamfanin Signetics wannan aisi ta 555, wadda ta shiga kasuwa a 1972. Taransista sama da ashirin ne a cikinta, kuma da hannu ya zana tsarinta, babu kwamfuta. Mutane da yawa na cewa resista uku masu om 5,000 da ke cikinta ne suka ba ta suna, amma shi Camenzind ya bayyana cewa manajan tallan kamfanin ne kawai ya zaɓi lambar. Ga darasi ga mai tarihi: bayanin da ya fi daɗin ji ba lallai ne ya zama shi ne gaskiya ba. Sama da shekara hamsin ke nan, har yau ana ƙera ta.

Na haska kafasitar ƙanena. 'Yar ƙarama ce mai launin ƙasa, kamar ƙwayar wake, an rubuta mata 104. Ya ce ai ya ga 10 a farko, ya ɗauka ita ce. Ita wannan lambar ma'anarta 10 da sifili huɗu a bayanta, a wani ma'auni ƙanƙani da ake kira fikofarad, wanda in aka juya shi ya zama maikrofarad 0.1. Wato tulunsa ya gaza wanda ake so sau ɗari. Maimakon ƙiftawa ɗaya a daƙiƙa, yana yin sama da ɗari. Ba mu da wata kafasitar a gida, Kano kuma ta yi nisa.

Da safe muka nufi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda tun ina yaro nake ganin sa a rumfar nan cikin tarin matattun rediyoyi. Ƙanena ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, kafasita muke nema mai maikrofarad goma." Ya dubi allon ya yi murmushi, ya jawo cikin wata tsohuwar rediyo mai ƙura, ya ɗora ƙarfen dalmarsa a kan garwashi, ya zare wata 'yar gwangwani baƙa mai farin zane a gefe. Ya ce, "Ɗana, ka ga farin zanen nan? Ƙafar da ke gefensa ita ce ta ɗebewa. In ka juya ta za ta kumbura, wata ma ta fashe maka." Bai taɓa shiga foli ba, amma babu abin da na sani game da kafasita wanda bai riga ni sani ba. Da na tambaye shi fitilar faifai, sai ya yi dariya ya ce shi da yaransa sun haɗa ta ba adadi, a kwali ake zuwa ɗauka a kai ƙauyuka ranar kasuwa. Ya ƙi karɓar kuɗinmu. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan rumfar ƙanena ya cire 104 ya dasa 'yar gwangwanin. Ƙwai ya kawo, ya ɗauke, ya kawo, ya ɗauke. Yaron bai ce komai ba, ya dai tsuguna yana kallo har na ce ya tashi kada ya makara. Da daddare ya ajiye allon a gaban Baba. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin filo ya ɗauko tocilarsa da ta kwana biyu da mutuwa ya ce, "To, injiniya, duba mini wannan."

Yanzu ga rijiyar da na yi alkawari. Kun san yadda tarihin baka ya kawo labarin. Bayajidda ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya ɗauki guga ya je Kusugu, ya sare kan macijin, ya tafi da kan. Masana na ta muhawara kan wane ɓangaren labarin ne tarihi, wane ne hikaya, kuma ba wannan ce ta kawo ni ba. Wurin da nake so ku duba shi ne abin da ya faru da gari ya waye. Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. Mazaje suka yi ta zuwa, kowa da kan macijinsa da labarinsa mai daɗi. Ba a yi gardama da kowa ba. Aka riƙa ɗaukar kai ana gwadawa a jikin gangar, wanda bai dace ba a ajiye shi gefe, har aka zo kan wanda ya dace. Abin da muka yi a kan tabarma ke nan da mita. Ba mu ce aisi ce ta lalace ba don ita ta fi kama da mai laifi, mun gwada abu ɗaya bayan ɗaya.

'Yan uwa, rubutun tarihi ma haka yake so. Kada ka ɗauki shekara don ka gan ta a waya an turo. Gwada ta a jikin gangar labarin ka ga ko ta zauna. Kuma ku tuna wasiƙar Round. Da bai zauna ya rubuta 'yan layukan nan ba a 1907, da yau babu mai ambaton sa a wannan fagen. Losev ya mutu da yunwa, amma takardunsa suka tashe shi bayan shekaru. Mu namu masu gyaran rediyo da masu haɗa fitilar faifai suna nan da ransu a Daura, a Mai'aduwa, a Zango, a Kazaure, sunayensu na bakin mutanen unguwa, kuma tsufa na cim musu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya an kafa a garin Daura, yara za su riƙa fitowa da difloma, ya kamata su tarar da labarin waɗanda suka riga su a rubuce cikin harshensu. Wannan aikin namu ne. Ka je rumfar da littafi da biro, ka nemi izini kafin ka rubuta sunan mutum. Ka tambaye shi wa ya koya masa, ina yake sayo kaya, nawa yake sayarwa. In ya manta shekara, ka ba shi turke: kafin zuwan wayar salula a 2001 ne ko bayanta? Kafin rasuwar Sarkin Daura Muhammadu Bashar a 2007 ne ko bayanta? Sannan ka je wajen mutum na biyu ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya.

Ƙanena ya kai aikinsa baje koli, ƙwan ya yi ta ƙiftawa har aka tashi. Yanzu kowace Asabar yana rumfar dattijon nan yana riƙe masa ƙarfen dalma, ni kuma na fara cika wani ɗan littafi da abin da dattijon ke faɗa. Wanda ya yi irin wannan hira a garinsu, ya kawo mana mu karanta, ko da shafi ɗaya ne. Inda na yi kuskure a gyara mini, don matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana basira, ya haɗa mu a mako mai zuwa cikin ƙoshin lafiya.